Yadda Ake Ɗaura Tsohon Lensi a Kan Kyamarar Zamani

Duk wanda ya taɓa tambayar farashin sabon lensi mai kyau ya san sau da yawa yakan fi jikin kyamarar kanta tsada. Shi ya sa matasa da dama masu ɗaukar hoto da bidiyo suke zaune shekara da shekaru da ɗan lensin da ya zo a cikin kwali, wanda da zarar magariba ta yi sai ya fara kasawa. Alhali kuwa daga shekarun 1960 zuwa na 1980 masana'antun Japan da Jamus da Tarayyar Sobiyat sun ƙera miliyoyin lensi na ƙarfe da gilashi, kuma da yawansu lafiyarsu ƙalau har yau. Wasu suna kwance a durowar tsofaffin gidajen hoto, manne da kyamarar fim da aka daina amfani da ita, wasu suna kasuwannin intanet a kan kuɗi kaɗan. Abin da ya raba su da kyamararka zobe ne guda na ƙarfe, wanda ake kira adafta.

Amma akwai sharaɗi, kuma gara a faɗe shi tun yanzu. Tsohon lensi ba ya magana da kyamara. Kai za ka murɗa fokas da hannunka, kai za ka buɗe ƙofar haske ka rufe ta. Wanda ba shi da haƙurin wannan, to ya tara kuɗinsa ya sayi na zamani. Wanda yake da shi kuwa, zai samu hoton da kuɗin da ya kashe bai kai ya ba shi ba.

Na farko: fahimci tazarar baki

Wannan ne tushen komai, kuma wanda ya gane shi ba zai sayi adaftar da ba ta aiki ba. Kowane lensi an ƙera shi ne ya zauna a wata tazara ƙayyadadda daga fim, ko daga sensa a kyamarar zamani. Ana auna tazarar daga bakin kyamara, inda lensi yake zama, zuwa fuskar sensa. Da yawa daga kyamarorin fim na da suna da madubi a ciki wanda yake tashi sama idan an danna, don haka dole aka bar masa fili, tazarar ta yi tsawo. Lensin Nikon F, bakin da ya fito a 1959, yana son milimita 46.5. Olympus OM milimita 46. M42 mai zare da Pentax K duka 45.46. Minolta MD 43.5. Canon FD, wanda ya fito a 1971, milimita 42.

Kyamarori marasa madubi kuwa, waɗanda suka fara yaɗuwa daga 2008, ba su da abin da za a bar wa fili, sai tazararsu ta gajarce sosai. Sony E milimita 18 ce, Fujifilm X 17.7, Micro Four Thirds na Panasonic da Olympus 19.25, Canon RF 20, Nikon Z kuwa 16 kacal.

Lissafin mai sauƙi ne. Idan tazarar da lensi yake so ta fi ta kyamararka tsawo, adafta za ta cike gibin. Lensin M42 a kan Sony E: cire 18 daga 45.46, saura 27.46, kuma wannan shi ne kaurin adaftar. Babu gilashi a cikinta, babu waya, bututu ne kawai mai baki biyu. Tunda babu gilashi, babu abin da za ta rage wa kyan hoton. Wannan ne dalilin da ya sa mai kyamara marar madubi zai iya ɗaura kusan duk tsohon lensin da ya ci karo da shi.

Matsalar tana ga masu DSLR, wato kyamarar dijital mai madubi a ciki, kuma har yanzu su ne da yawa a hannun masu ɗaukar hoton biki. Canon EF, wanda ya zo a 1987, tazararsa milimita 44 ce. Yana karɓar M42 da Nikon F da Olympus OM da Pentax K da siririyar adafta. Amma ba ya karɓar Canon FD na gidansu, domin FD yana son 42, kuma ba za ka iya tura lensi cikin jikin kyamara da milimita biyu ba. Haka Minolta MD. Ana sayar da adafta mai ɗan gilashi a ciki don gyara wannan, kuma shawarata ita ce ka ƙyale ta. Gilashin yawanci mai araha ne, yana dushe hoto, musamman idan ka buɗe ƙofar haske gaba ɗaya, sai ka zargi lensi alhali ba laifinsa ba ne.

Mai Nikon DSLR shi ne ya fi ƙuntata ta wannan fuska, saboda tazararsa ta fi ta kusan kowa tsawo. Sai dai yana da nasa rabon: tsofaffin lensin Nikon na nau'in AI, waɗanda aka fara yi a 1977, suna hawa kai tsaye ba tare da adafta ba. A kula da waɗanda suka girmi 1977 kuma ba a gyara bayansu ba, domin suna iya karya ɗan harshen da ke gefen bakin kyamarori irin su D7000 da D750. A ƙananan kyamarori irin su D3200 lensin zai hau, amma kyamarar ba za ta auna maka haske ba, sai ka koma M, wato tsarin saita komai da hannu, ka riƙa gwadawa kana duba allo.

Na biyu: gane bakin lensin da ke hannunka

Sunan da ke gaban lensi ba shi ne yake gaya maka bakinsa ba. Kamfanoni irin su Vivitar da Tokina da Sigma da Soligor sun riƙa yin lensi iri ɗaya da baki daban-daban. Juya shi ka dubi bayansa. Sau da yawa za ka ga an rubuta PK, ko N/AI, ko C/FD, ko M/MD, ko OM, ko Y/C wato Yashica da Contax.

Idan babu rubutu, siffa za ta taimaka. M42 ya fi sauƙin ganewa, zare ne da shi kamar murfin kwalba, faɗinsa milimita 42, kuma galibi akwai ɗan tsinke guda a bayansa. Tsofaffin Nikon suna da wani ɗan ƙarfe mai kunnuwa biyu a kan zoben ƙofar haske. Canon FD na farko yana da zoben azurfa a gindinsa wanda shi ake murɗawa lensin yana tsaye, na baya kuma da ya fito a 1979 yana da ɗan maɓallin cirewa. Olympus OM maɓallin cire shi a jikin lensin yake, ba a jikin kyamara ba.

Akwai ruɗani biyu da suke cin kuɗin mutane. Minolta MD daban, Minolta A mai fokas da kansa wanda ya fito a 1985 daban, ba sa shiga adaftar juna. Sannan akwai bakin T, wanda shi ma zare ne mai faɗin milimita 42 amma zarensa ya fi na M42 ƙanana. Zai fara shiga ya cije. Idan ka ji zare ya cije, tsaya, kada ka matsa masa.

Na uku: duba lafiyar lensi kafin ka biya

Nan ne ya kamata a ɓata lokaci. Lensin da ya shekara arba'in ko hamsin yana iya yin kyau a waje, cikinsa kuwa ya lalace. Je da tocila, ta waya ma ta isa. Cire murfin gaba da na baya, buɗe ƙofar haske gaba ɗaya, haska ta baya a karkace, ka leƙa ta gaba. Kada ka haska kai tsaye cikin idonka.

Za ka ga ƙura. Kowane tsohon lensi yana da ƙura, kuma ƙwayoyi kaɗan ba sa fitowa a hoto, kada su hana ka saye. Abin tsoro shi ne fumfuna, wadda take fitowa kamar farin zare mai rassa, yawanci daga gefe tana tafiya tsakiya. Idan ƙarama ce a gefe, mai gyara zai iya wanke ta. Idan ta daɗe, tana cin rufin da ke kan gilashin ta bar tabo har abada. Na biyu shi ne hazo, wani fari-fari da ya rufe gilashi gaba ɗaya, wanda yake sa hoto ya fito ba armashi, baƙi ya koma toka-toka. A ganina hazo ya fi ƙarzuwa illa. Ƴar ƙarzuwa a gilashin gaba da wuya ka gan ta a hoto, amma ta gilashin baya tana da haɗari. Idan kuma ka ga launin bakan gizo a gefen gilashi daga ciki, gam ɗin da ya haɗa gilasai biyu ne ya fara sakewa, wannan gyaransa ya fi kuɗin lensin.

Sai ka duba ganyen ƙofar haske. Murɗa zoben daga ƙaramar lamba zuwa babba, ka ga ramin yana ƙanƙancewa daidai a kowane mataki. Ganyen su kasance a bushe. Idan suna sheƙi, maiko ne ya gangaro musu, kuma zafi irin namu yana saurin jawo haka ga lensin da aka bari a mota ko kusa da kwano. A kan adafta wannan bai kai muni kamar a kyamarar fim ba, tunda da hannu kake rufewa, matuƙar ganyen suna motsi. Idan sun maƙale, ajiye shi.

Daga ƙarshe murɗa zoben fokas daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ya tafi sumul da ɗan nauyi, ba tare da tsalle ko ƙarar yashi ba. In da hali, je da kyamararka da adafta ka ɗauki hoto a wurin, gani ya kori ji.

Wanne za a fara da shi? Milimita 50, ba tare da dogon tunani ba. Shi ne lensin da ake haɗawa da kusan kowace kyamarar fim, don haka ya fi yawa, ya fi araha, kuma da wuya ka samu mummuna. Canon FD 50mm f/1.8 (lambar f ita ce ta ƙofar haske) wanda ya zo da kyamarar AE-1, Pentax-M 50mm f/1.7, Minolta MD 50mm f/1.7, Zuiko 50mm f/1.8 na Olympus, duk abin yabo ne. Helios 44-2 na Sobiyat, milimita 58 f/2, wanda ake samu a kan kyamarar Zenit kuma aka kwaikwayi tsarinsa daga Biotar na Carl Zeiss, ya yi suna saboda yadda yake murɗa bayan mutum kamar guguwa idan akwai ganyen bishiya da haske a baya. Tsofaffin lensin zum kuwa, mafi yawansu ba su kai na yanzu ba, ban ba da shawarar a fara da su ba.

Wata magana a kan Super-Takumar 50mm f/1.4 na Asahi Pentax, domin za ka iya cin karo da shi ka ga gilashinsa ya yi rawaya. Da yawansu an sa sinadarin toriyam a gilashin baya, wanda yake fitar da ɗan tururin nukiliya mai rauni, shi yake jawo rawayar a hankali. Amfani da shi na yau da kullum ba abin tayar da hankali ba ne, amma kada a fasa gilashin, kada a goge shi da abin karta, kada kuma a kwana da shi a ƙarƙashin filo. Hasken rana yana rage rawayar, sai dai ranarmu tana da zafin da zai narkar da maikon ciki, don haka ya fi sauƙi ka gyara launi a cikin kyamara.

Na huɗu: zaɓen adafta

Sunanta kullum baki biyu ne: na lensi da na kyamara. M42 zuwa Sony E, wanda wasu suke rubuta M42-NEX, ko FD zuwa FX na Fujifilm. Akwai masu tsada irin na Novoflex da Metabones, akwai matsakaita irin na K&F Concept da Fotodiox. Matsakaitan sun isa. Abin da za ka guje wa shi ne wadda take girgiɗi, ko wadda cikinta yake sheƙi, domin haske zai riƙa yawo a ciki yana ɓata hoto. Cikin ya zama baƙi marar ƙyalli.

Ga masu M42, nemi adafta mai ɗan leɓe a ciki wanda yake danne tsinken nan na baya. In ba a danne shi ba, ƙofar haske za ta zauna a buɗe komai murɗawarka, sai dai idan lensin yana da makunnin A da M a gefe, ka tura shi M. Masu Canon DSLR mai cikakkiyar sensa, wato mai girman fim, irin 5D su yi hattara, domin bayan wasu lensin M42 yana shiga ciki har madubi ya buge shi idan an kai fokas nesa.

Ka tuna kuma girman sensa yana canja faɗin abin da kake gani. A kan ƙaramar sensa ta APS-C ta Sony ko Fujifilm ko Nikon, milimita 50 tana ba da faɗin 75, a Canon 80, a Micro Four Thirds 100. Wannan alheri ne ga hoton fuska, amma a ɗaki mai ƙunci za ka rasa wurin ja da baya, sai ka nemi milimita 28. Akwai adafta ta musamman mai gilashi da take tattaro haske, wadda Metabones suka fitar a 2013 da sunan Speed Booster. Tana ninka tsawon lensi da 0.71, ta dawo da kusan dukkan faɗin, ta ƙara haske mataki ɗaya. Ita daban ce da gilashin gyaran tazara da na ce a ƙyale.

Na biyar: ɗaurawa da saita kyamara

Kashe kyamara. Haɗa adafta da lensi tukuna, sannan ka ɗaura su biyun a jikin kyamara, ɗigon alama a kan ɗigon alama. Yi wannan a cikin ɗaki, bakin kyamara yana kallon ƙasa, musamman lokacin hunturu da ƙura take cika iska, domin sensar kyamara marar madubi a fili take.

Canon FD yana da nasa tsarin. Adaftarsa tana da zobe mai rubutun Open da Lock. Kai shi Open, ɗaura lensi, sannan ka mayar da shi Lock, ka kuma cire zoben ƙofar haske daga harafin A. Idan ka murɗa ba ka ga ramin yana rufewa ba, tsinken adaftar bai kama hannun lensin ba, cire ka sake.

Yanzu kunna kyamara. Za ta ɗauka babu lensi a jikinta, wasu ma su ƙi ɗauka. Shiga menu ka nemi Release w/o Lens a Sony, Shoot Without Lens a Fujifilm, Release shutter w/o lens a Canon, ka kunna. Sa kyamarar a A ko Av: kai ka zaɓi ƙofar haske a jikin lensi, ita ta zaɓi saurin ɗauka gwargwadon hasken da ya iso sensa. M ma yana aiki. S da P ba su da amfani a nan. A allo za ka ga F-- maimakon lamba, ba lalacewa ba ce.

Idan jikin kyamararka yana da na'urar hana girgiza, dole ka gaya mata tsawon lensin da kanka. Sa lambar da ke rubuce a jikin lensin, 50 ko 58, ba lissafin faɗin nan na 75 ba. Idan ka bar ta a kan lambar wani lensin, maimakon ta hana girgiza sai ta ƙara ta. Duk sanda ka canja lensi, canja lambar.

Na shida: fokas

Kyamarar zamani tana da mataimaka biyu. Na farko shi ne wanda ake kira Peaking a menu, yana zana launi, ja ko rawaya, a gefen duk abin da ya fito tar. Yana da sauri, amma yana yaudara idan ƙofar haske a buɗe take sosai, sai ya nuna maka fuska duka ta yi ja alhali fokas yana kan kunne. Sa shi a mataki na ƙasa ko na tsakiya. Na biyu shi ne faɗaɗa hoto, inda kake zuƙo wuri guda ya girma a allo. Wannan ba ya ƙarya. Ɗora shi a kan maɓallin da babban yatsanka yake kaiwa ba tare da ka cire ido daga tagar leƙe ba.

Ga yadda ake yi wa hoton mutum. Buɗe ƙofar haske gaba ɗaya, faɗaɗa kan idon da ya fi kusa da kai, murɗa har ka wuce wurin da ya fito, ka dawo a hankali ka tsaya. Sannan ka rufe zuwa inda kake so ka ɗauka. Idan kana kusa sosai, bar zoben, ka riƙa matsawa gaba da baya da jikinka kaɗan-kaɗan. A f/1.4 daga tazarar mita ɗaya, abin da yake fitowa tar bai wuce faɗin yatsa biyu ba, numfashi ma yana iya kawar da shi. Kuma mafi yawan waɗannan lensin suna da laushi a buɗe, suna tsayawa da kyau daga f/2.8, su kai ƙarshen kaifinsu a wajen f/5.6 zuwa f/8. Kada ka yanke wa lensi hukunci da hoton f/1.4 kaɗai.

Ga abin da yake motsi, kamar dawakin hawan sallah ko amarya tana shigowa, ba bin su ake yi da fokas ba. Zaɓi wurin da za su ratsa, saita fokas a nan, rufe zuwa f/8, ka jira su shigo. Layukan da ke jikin lensi kusa da lambobin mita suna nuna daga ina zuwa ina ne zai fito a kowace ƙofar haske, kuma da su masu hoton jarida suka yi aiki shekaru da dama. Saurin ɗauka kada ya gaza 1/125 na daƙiƙa a kan milimita 50 idan da hannu kake riƙe da kyamara kuma mutum ne a gabanka.

Gwada nesa tun ranar farko. Nufi hasumiyar masallaci ko dogon eriya mai nisa, kai zoben zuwa alamar ∞. A adafta da yawa za ka ga ya fito tun kafin ka kai ƙarshe, domin ana rage musu kauri kaɗan da gangan. Wannan ba damuwa, sai dai kada ka dogara da ƙarshen zoben. Idan kuwa ka kai ƙarshe bai fito ba, adaftar ta yi kauri, mayar da ita.

Masu bidiyo su ne suka fi cin ribar tsohon lensi, domin zobensa yana da doguwar tafiya, kana iya ɗauke fokas daga fuskar wannan zuwa ta wancan a natse. Helios 44-2 yana da zobe na biyu da yake buɗe haske ya rufe ba tare da ƙas-ƙas ba. Rana tsaka za ka buƙaci gilashin rage haske, wato ND. Duba faɗin bakin gaba, milimita 49 ne a Helios 44-2 da Takumar, 52 a yawancin Nikon. Sayi babba guda ɗaya da zoben ƙari, ya yi maka aiki a kan duka. Sa masa hula kuma, domin rufin gilashin da bai kai na yanzu jure hasken da ke dukan fuskarsa ba.

Ajiya

Da damina, kada ka bar lensi a cikin jakar fata ko a rufe cikin durowa mai duhu, can fumfuna take kamawa. Sa shi a robar abinci mai murfi tare da ƴan ƙunshin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin takalmi da na magani, ka riƙa fito da shi yana ganin haske. Wanda ya riga ya kamu, raba shi da sauran har a gyara. Da hunturu kuma, hure ƙura da robar hura iska kafin ka sa ƙyalle, domin ƙurar tana da yashi, goge ta a bushe shi ne yake ƙarzar gilashi. Idan kana da lensi biyu masu baki daban, saya wa kowanne adaftarsa ka bar ta a jikinsa da murfin baya na kyamararka, ta yadda canjawa a wurin aiki ba za ta ɗauke ka lokacin da ƙura za ta shiga ba.